Yadda Ake Shirya Laccar Kimiyya a Unguwa

Garin da ke da jami'a ko kwalejin ilimi ba ya rasa lacca. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, al'ada ce idan malami ya zama farfesa a sa masa rana ya tsaya gaban jama'a ya faɗi abin da ya yi shekaru yana bincike a kai. Ƙofa a buɗe take ga kowa, ba a biyan ko sisi, sau da yawa har ɗan littafin laccar ake rabawa. Mai son sanin ranakun sai ya riƙa duba allunan sanarwa na tsangayoyi da shafukan jami'o'in na Facebook, ko ya saba da wani ma'aikacin ofishin yaɗa labarai na jami'ar ya riƙa tuna masa.

Sai dai irin waɗannan laccoci da Turanci ake yin su, a cikin harabar makaranta, a ranar aiki. Mai shago ba zai rufe shagonsa ya je ba, manomi ba zai ji abin da ake faɗa ba, matar aure kuwa ko labarin ba zai iske ta ba. Ilimin yana nan a bayan katanga, masu bukatarsa suna waje. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, ko ta ci gaban unguwa, ko malaman sakandare uku da suka haɗa kai, za su iya fito da shi ba tare da sun jira gwamnati ba. Ga yadda ake yi.

A fara da tambayar mutane

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara neman babban suna, sannan a tambaye shi abin da yake son ya yi magana a kai. Maudu'i ake fara samu, kuma a bakin mutane ake samunsa: a majalisa, a teburin mai shayi, a layin asibiti, a bakin rijiyar burtsatse. Me ake gunaguni a kai? Rijiyoyin unguwa sun ƙafe tun kafin bazara ta yi nisa. Batirin sola ba ya shekara biyu. Ƙwari suna cin wake a buhu. Yara suna ta gudawa da zarar ruwan farko ya sauka. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan lacca ce cikakkiya, kuma akwai wanda ya san amsarta a nesan da bai wuce kuɗin mota ba.

Kada a raina irin waɗannan tambayoyi. A 2010 aka gano cewa yara suna mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara saboda gubar dalma. Masu haƙar zinare ne suke kawo duwatsun cikin gida ana niƙawa, ƙurar tana sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara sama da 400 suka rasu. Cewa ƙurar dalma guba ce abu ne da ke cikin littafin kowane ɗalibin kimiyyar sinadarai, amma bai isa waɗannan gidaje ba sai bayan an yi jana'iza. Haka a 2016, lokacin da tsutsar tumatir ta cinye gonaki a Kano da Kaduna, manoma da yawa sun yi ta zuba kuɗi a maganin feshin da ba ya taɓa ta, domin ita a cikin ganye da ɗan tumatirin take ɓuya.

Idan an samu maudu'in, a rubuta shi yadda mutane ke faɗarsa. "Me ya sa batirin sola ke mutuwa da wuri?" zai cika fili. "Makamashi mai sabuntuwa da ci gaba mai ɗorewa" kuwa kujeru zai tara. Maudu'i ɗaya tak a zama ɗaya. Wanda ya haɗa zazzaɓin cizon sauro da sauyin yanayi da kwamfuta a yammaci guda, mutane za su tashi ba su riƙe ko ɗaya ba.

Akwai ranakun da duniya ta ware waɗanda ke sauƙaƙa samun mai jawabi, domin ma'aikatu da asibitoci sukan so a gan su suna wani abu a ranar: 22 ga Maris ta ruwa, 25 ga Afrilu ta zazzaɓin cizon sauro, 19 ga Yuni ta cutar sikila, 10 ga Nuwamba ta kimiyya baki ɗaya. A farkon kowace shekara kuma hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, takan fitar da hasashen damina: yaushe ruwa zai sauka, yaushe zai ɗauke, ina ake tsoron fari. A garin manoma babu laccar da ta kai a samu wanda zai zauna ya warware wannan hasashe da Hausa kafin a yi shuka.

Wa zai yi magana?

Ba dole sai farfesa ba. A gaskiya wani farfesan ya fi kowa wahalar fahimta, domin ya daɗe rabonsa da yi wa wanda ba ɗalibinsa ba bayani. Malamin gona, ungozomar asibiti, likitan dabbobi, mai haɗa sola da ya yi karatun aikin, ɗalibin digiri na biyu da ke tsakiyar bincikensa: duk waɗannan sukan fi dacewa. Wuraren nema suna da yawa. Zariya kaɗai tana da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, da ta dabbobi ta Shika, da cibiyar wayar da kan manoma. Jami'ar Bayero tana da cibiyar nazarin noma a ƙasa mai ƙarancin ruwa, Sakkwato tana da cibiyar binciken makamashi, Maiduguri tana da cibiyar binciken Tafkin Chadi, Vom ta jihar Filato tana da ta cututtukan dabbobi. A Nijar akwai Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, wadda sunan masanin makamashin rana ma take ɗauke da shi, da jami'o'in Maraɗi da Damagaram.

A rubuta takarda zuwa ga shugaban sashe, a kai da hannu, aƙalla wata guda kafin ranar. A faɗi maudu'in, da irin mutanen da za su zo, da cewa da Hausa za a yi. Idan an ba da sunan wani, a je a gaishe shi, a yi masa tambayar nan ta mutane, a saurari yadda zai amsa. Minti biyar sun isa a gane. Idan kowace jimla tasa rabinta Turanci ne, ko ya fara da tarihin fannin tun daga Girka, to a yi masa godiya a nemi wani, ko a haɗa shi da malamin firamare mai baki wanda zai riƙa mayar da zancen. Wanda ba ya jin Hausa ma ana iya gayyatarsa da tafinta, amma a sani cewa lokacin zai ninka, kuma dole tafintan ya zauna da shi tun kafin ranar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A wannan zama na share fage a gaya masa abu uku ba tare da kunya ba. Minti talatin yake da su. Ba za a karanta takarda ba. Sannan ya zo da abin da za a gani da ido.

Izini, wuri, lokaci, kuɗi

Kafin a buga ko takarda ɗaya, a je wurin mai unguwa, shi zai ce ko sai an kai ga dagaci ko hakimi. A je wurin limami. Idan taron zai yi girma ko a fili za a yi, a sanar da ofishin 'yan sanda a rubuce. Wasu matasa suna ganin wannan ɓata lokaci ne, amma tarihin yankinmu ya nuna akasin haka. Gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau, ya bar tabo a zukatan mutane, kuma yana cikin abin da aka riƙa ambata lokacin da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Sai da sarakuna da malaman addini suka shiga gaba sannan aikin ya miƙe, har aka kai ga shelar kawar da cutar ta asali daga Afirka a watan Agusta 2020. Mutanenmu sukan fara tambayar wa ya kawo baƙo kafin su tambayi me ya zo da shi. Idan mai unguwa yana zaune a gaba, an amsa wannan tambaya tun kafin a yi ta.

Wuri mafi sauƙi shi ne makarantar firamare ko sakandaren unguwa: akwai benci, akwai allo, akwai inuwa, kowa ya san hanya. A nemi izinin shugaban makaranta, shi zai faɗa idan sai an je ofishin sakataren ilimi. Ɗakin taron otal yana da sanyi, amma talaka ba ya shiga wurin da yake jin za a kalli takalminsa.

Lokaci kuwa salla ce ke yanka shi. Bayan La'asar zuwa kafin Magariba shi ne mafi dacewa, ko hantsin Asabar. A guji ranar kasuwar gari, da tsakiyar damina a garin manoma, da azumi, da yammacin da manyan ƙungiyoyin ƙwallon Turai ke wasa idan matasa ake nema. A tambayi mai unguwa ko akwai ɗaurin aure a ranar.

Mata sai an yi musu shiri na musamman, ba a ce "kowa da kowa" a zauna ana jira ba. A ware musu gefe mai kyau inda za su ji su gani, ba can baya kusa da janareto ba. Inda al'ada ba ta yarda da cakuɗuwa ba, a maimaita laccar a Islamiyyar matan aure, kuma a nemi mace ta gabatar. Rabin maudu'an da suka fi muhimmanci, ruwan sha, abincin yara, hayaƙin murhu, ajiyar hatsi, a hannun mata suke.

Kuɗin da za a kashe bai wuce na hayar lasifika da kujeru ko tabarmi, da man janareto, da ruwan leda, da kuɗin motar mai jawabi ba. A yi karo-karo. Shawarata a nan mai tsauri ce: kada a karɓi kuɗin mai sayar da magani ko taki ko maganin feshi idan laccar ta shafi hajarsa, kada kuma a karɓi na ɗan takara. Na farko zai so a ambaci kayansa, na biyu zai so a jira shi. Kada kuma a saba wa mutane da raba kuɗin zama. Ranar da babu, ba za su zo ba.

Sanarwa ta fi tasiri a baki. A roƙi limamai su faɗa bayan sallar Juma'a, a ba ɗalibai su kai gida, a sa mai shela ya zaga ranar jajibiri. A tura a WhatsApp da murya, ba rubutu kaɗai ba, saboda waɗanda ba sa karatun boko. Gidajen rediyo sukan karanta irin wannan sanarwa, wani lokaci kyauta idan an bi ta hannun mai shirin lafiya ko na noma. Kowace sanarwa ta ƙunshi tambayar, da wuri, da rana, da lokaci, da cewa kyauta ne kuma da Hausa.

Ranar taro

Cutar tarukanmu ita ce gabatarwa. Shugaban taro, uban taro, uwar taro, babban baƙo, baƙo na musamman, kowa da jawabinsa, sai an kusa kiran salla sannan a ce wa malamin ya taƙaita. A buɗe da addu'a, mai unguwa ya yi maraba cikin minti biyu, a gabatar da mai jawabi da sunansa da aikinsa, shi ke nan. A fara a kan lokaci ko da mutum goma ne. A karo na biyu za su zo da wuri.

Majigi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, tun zamanin Turawa ake yawo da shi gari-gari ana nuna finafinan tsafta da noma a fili. Amma da rana ba ya fitowa sosai, kuma wuta ba ta da amana. Abin da ya fi shi shi ne gwajin da za a yi a kan tebur, da kayan da kowa ya sani.

A ɗauki batun sikila. Likita zai ce idan uwa da uba duka AS ne, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Mutane za su gyaɗa kai, amma da yawa abin da suka ji shi ne: idan an haifi huɗu, ɗaya ne zai kamu, saboda haka wanda ya riga ya haifi mai ciwon ya huta. Ba haka ba ne. A kawo ƙwarya biyu, ɗaya ta uwa ɗaya ta uba. A kowace a sa farin wake ɗaya da jan wake ɗaya. A kira yaro ya rufe ido ya zaro ɗaya daga nan ɗaya daga can, a rubuta abin da ya fito a allo, a mayar da waken, a sake. Ja da ja shi ne SS. A yi sau arba'in. Za a ga ja biyu sun fito wajen sau goma, amma za a kuma ga wani lokacin sun fito sau biyu ko uku a jere, wani lokacin a yi zara takwas ba su fito ba. Nan ne dattijon da ke gefe zai gane dalilin da ya sa gidan wane yara uku suke fama, gidan wane kuwa babu ko ɗaya, alhali iyayen jininsu iri ɗaya ne. Bayan wannan, maganar gwaji kafin aure ba ta bukatar dogon wa'azi.

Ko a ɗauki zoɓo. A jiƙa shi a tsarma shi da ruwa har ya yi haske, a zuba a kofunan gilashi uku. A matsa lemon tsami a na farko, zai ƙara ja. A zuba ruwan kanwa a na biyu, zai juye ya yi duhu ya koma wajen kore. Na uku a bar shi don a kwatanta. Daga nan malamin gona zai iya bayyana abin da ake nufi idan an ce ƙasar gona ta yi tsami, da dalilin da ya sa ake auna ta kafin a zuba taki. Mai maganar ruwan sha ya ari madubin likita daga ɗakin gwajin sakandare, ya ɗiga ruwan kududdufi, mutane su yi layi su leƙa su ga abubuwa suna motsi. Mai maganar ajiyar kayan lambu ya zo da tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000, a sa hannu a ji sanyin. Duk gwajin da za a yi, a gwada shi a gida tukuna. Banda wuta, banda fetur, banda sinadari mai ƙuna a wurin da yara suke.

Tambayoyi

A ba su lokaci daidai da na jawabin, ko fiye. Nan ne ainihin laccar take. Mai gabatarwa ya zama mai fara'a amma mai riƙe lasifika da kyau, domin ba a rasa wanda zai tashi ya ce shi ba tambaya gare shi ba, ɗan tsokaci ne, ya kwashe minti goma. A karɓi tambaya uku-uku, a tabbata ɗaya daga gefen mata take, a raba 'yan takardu saboda masu jin nauyi, a sa ɗalibai su rubuta wa wanda ba ya iyawa.

Tambayoyi iri uku sukan kawo tangarɗa. Akwai mai kawo ciwonsa ko na ɗansa yana son a rubuta masa magani nan take. A ce masa ya tsaya bayan taro a gaya masa asibitin da zai je. Akwai mai kawo abin da ya gani a waya, cewa allura kaza tana hana haihuwa ko ganye kaza yana warkar da komai. Kada a yi masa dariya, domin rabin masu zaman sun ga saƙon nan, shi ne kawai ya yi ƙarfin halin faɗa. A tambaye shi wa ya faɗa, a ina aka gwada, a kan mutum nawa, sannan a ba da amsa. Na uku shi ne mai son ya gwara kan malamin da limami. Malamin kimiyya ya tsaya a kan abin da aka auna aka gani, hukuncin shari'a ya bar wa masu shi. Kuma idan an tambaye shi abin da bai sani ba, ya ce bai sani ba zai bincika. Masu sauraro sun fi yarda da mai faɗar haka a kan mai amsa komai.

A rufe kafin kiran salla. A ɗauki muryar laccar a waya, da izinin mai jawabi, a yanka ta gajeru a tura wa waɗanda ba su zo ba. Takardun tambayoyin da ba a kai gare su ba kada a zubar, a cikinsu maudu'in zama na gaba yake. Washegari a je a yi wa mai unguwa da shugaban makaranta godiya, a rubuta wa shugaban sashen da ya ba da malami takarda. Ita ce za ta buɗe ƙofa karo na biyu. Gara a tsayar da zama ɗaya duk wata biyu ko uku a riƙe shi, da a yi gagarumin biki sau ɗaya a watse.

Ga mai neman inda zai fara, akwai ranar da ba sai an roƙi kowa ya zo ba. Ranar 2 ga Agusta 2027 za a yi husufin rana. Zai rufe ruf a wasu sassan arewacin Afirka da Makka da Jidda, a garin Luksor na Masar duhun zai wuce minti shida. A ƙasar Hausa wani ɓangaren rana ne zai rufe, da hantsi, idan hadarin damina bai tare ba. Waɗanda suka ga na 29 ga Maris 2006, da ya mai da rana dare a sassan arewacin Najeriya da Nijar, suna nan da ransu za su ba da labari. Mutane suna bukatar a gaya musu tun da wuri cewa kallon rana kai tsaye yana ƙona ido, kuma baƙin tabarau ko gilashin da aka turara da hayaƙi ba sa karewa. A huda kwali da allura a juya wa rana baya a kalli haskenta a ƙasa, ko a ɗaga rariya a ga ɗaruruwan 'yan jinjirin rana a kan tabarma. A nemi malamin kimiyyar sararin sama tun yanzu, a yi magana da limami a tsara yadda bayanin zai zo kafin sallar husufi, a sa laccar mako guda kafin ranar.